Wa Ya Yanke Maka Cibiya?

Duk wanda ya san Gwaggo Tasalla ya san tambayarta. Ba ta zagi, ba ta ashar. Ita dai in ka yi abin da bai gamshe ta ba, sai ta dogara sandarta, ta kalle ka tun daga hula har takalmi, ta ce, "Kai, wa ya yanke maka cibiya?" Ungozoma ce, kuma a nata ilimin duk wata rashin kunya da ke duniyar nan daga wurin yankan cibiya take somawa. In an yanke da gaggawa, yaro ya tashi da rawar kai. In an bar ta da tsawo, ya tashi da kwaɗayi. Wani mai adaidaita a Kazaure ya taɓa faɗawa rami da ita har kanta ya bugi ƙarfe. Ta sa ya tsaya a tsakiyar titi, babura na ta yi musu hon, ta ce sai ya ɗaga riga ta gani. Wallahi ya ɗaga! Ta leƙa, ta yi tsaki, ta ce, "Na sani. Da ɓawon kara aka yi wannan. Ja mu je, ba laifinka ba ne."

Ni ce Hansai, 'yar ƙanenta. Ita ta karɓe ni ranar da na faɗo duniya, ita ta karɓi 'ya'yana kaf. In na ba ku dariya ku yi abinku, amma ku sani raina a ɓace yake, kuma kafin in gama za ku ji dalili.

Garinmu na asali Tudun Marke ne, can cikin duwatsun da ke tsakanin Roni da Gwiwa. Ni kuwa a Gangare aka aurar da ni, bayan dutse, inda gidajen manoma da rugagen Fulani suke a warwatse. Akwai wata 'yar hanya da ta ratsa tsakanin duwatsun ta haɗa garuruwan biyu. In kin ɗora tukunya kika kama hanyar, kafin ta tafasa kin isa. Ta nan Gwaggo take zuwa mana karɓar haihuwa, ta nan kuma ake fito da mace a amalanke zuwa titi in abin ya fi ƙarfin gida. Don Gwaggo, duk taurin kan nan nata, da ta ga haihuwa ba tata ba ce za ta ce a ɗaura shanu, asibiti za a je.

Sai ga labari wai hukuma za ta yi ƙaton filin atisaye a dajinmu, inda sojojinmu da na ƙasashen da muke ƙawance da su za su riƙa koyon yaƙi. Aka tara mu a gindin marken ƙofar Mai gari. Wani mutum mai farar mota ya shimfiɗa taswira a kan tebur ya yi ta bayani: Tudun Marke za a tashe shi a mayar da shi bakin titi, a yi wa kowa gidan bulo da kwano, har da famfo. Gangare ba za a taɓa ta ba, tana waje. Abin da ke tsakani duk za a zagaye shi da waya. Maza sai gyaɗa kai suke, "Madalla, ranka ya daɗe, Allah ya taimaka." Can daga ɓangaren mata sai muka ji sanda ta bugi ƙasa.

"Yaro, ina hanyata a cikin zanen nan naka?"

"Wace hanya, Iya?"

"Hanyar Gangare."

Ya duba, ya juya takardar, ya sake dubawa. "Babu hanya a nan, Iya. Duwatsu ne."

"Au! To tashi sama nake yi in zan je?"

"Sai dai a zagaya ta titi, Iya. Ai akwai babura."

"Ita naƙudar kai za ka je ka gaya mata ta jira a zagayo?"

Mai gari Sale ya ga baƙo ya fara share gumi, ya ce, "Gwaggo, a yi haƙuri a zauna, maganar manya ake yi."

Tabɗi! Gwaggo ta juya gaba ɗaya. "Manya? Kai Sale? Kai da ka zo duniya da ƙafa, na yini ina lallashinka ka juyo ka ƙi? Tun ranar nan komai ta baya kake shigarsa."

Wuri ya kaure da dariya, har mai farar motar sai da ya rufe baki da takardarsa. To abin da ya ƙona min rai ke nan har gobe. Maza suka sha dariyarsu, suka karkaɗe riguna suka watse, ba wanda ya tsaya ya ce maganar tsohuwar nan fa gaskiya ce. Su tunda an ambaci famfo da kwano, shi ke nan an gama da su. Mace ce ke durƙusawa, ina ruwansu!

Aka tashe su, aka ja waya, aka kafa sanduna masu jar tuta, wadda in an ɗaga ta an san ranar harbi ce. Gidajen tsohon gari kuwa ba a rushe su ba. Ashe da su za a riƙa koyon yadda ake kutsawa cikin gari a kama 'yan ta'adda. Ranar buɗe fili aka gayyaci dattawa kallo, ni na riƙe wa Gwaggo hannu muka je. Ga rumfa, ga kujerun roba, ga lemon kwalba. Ga sojojinmu, ga na maƙwabta masu Faransanci, waɗanda Gwaggo ke kira 'yan sefa, ga Turawa rana ta mayar da su jajaye kamar gauta.

Aka busa usur. Sojoji suka taho suna sanɗa, suna rarrafe, suna yi wa juna alama da yatsu. Gwaggo tana shan lemonta hankali kwance, sai ta ga sun nufi gidanta. Ta ajiye kwalbar. Wani ƙaton Bature ya ja da baya ya sa ƙafa ya daki ƙyauren ɗakinta. Ƙyaure ko gezau. Ya sake duka, shiru. Ya haɗa da kafaɗa, manyan baƙi duk sun zuba ido. Sai muryar Gwaggo ta keta filin nan:

"Ja ake yi, bawan Allah! Ja ake yi!"

Kafin in kama zaninta ta fice daga rumfa, ta shiga tsakiyar filin yaƙi tana dogara sanda. Usur ta ko'ina, ana ta ihun a tsaya. Tafinta ya biyo ta da gudu, hularsa a hannu.

Ta ce, "Tambayar min shi, a garinsu haka ake shiga ɗakin mata? Ba sallama, kuma da takalmi?"

Tafinta ya ce, "Iya, gwaji ne. Ana ɗauka kamar 'yan ta'adda ne a ciki."

"A ɗakina? Ɗakin da rabin mutanen rumfar can suka yi kukan farko? Ƙyauren nan tun da aka kafa shi bai taɓa ganin sakata ba, shi ne za a zo ana dukansa kamar ya ci bashin wani?"

Aka fassara wa Bature. Shi kuwa zafi ya ishe shi, ya cire rigar ƙarfen nan tasu yana fifita, 'yar ta ciki ta ɗage. Gwaggo ta sunkuya ta ƙura wa cikinsa ido, ta daɗe tana dubawa. Ta ɗago ta ce, "Wannan uwarsa ta sami ungozoma ta kirki. Mai koya masa sallama ne ba a samu ba."

Ban san me tafinta ya gaya masa ba, amma bawan Allahn nan ya yi dariya, ya je bakin ƙofa ya tsaya, ya haɗa sallama da karyayyen harshensa, sannan ya ja ƙyaure. Ya buɗe salin-alin. Gwaggo ta amsa masa daga baya, "Wa alaikumus salam. Babu kowa, an kore mu."

Ranar ma sai da ta tare wani mai taurari a kafaɗa da maganar hanya. Ya ce za a duba. Kun dai san "za a duba".

Ana cikin dubawar damina ta sauka. Maƙwabciyata Hajjo, wata Bafulatana mai kunya da ko sunan mijinta ba ta faɗa, naƙuda ta kama ta da hantsi, haihuwar fari. Muka buga wa Gwaggo waya. Ta hau babur ta zagayo ta titi, ga taɓo, ga rafi ya ciko sai da aka ɗauki babur ɗin a ka aka haye da shi. Tafiyar da a da ba ta kai tafasar tukunya ba, sai da azahar ta wuce sannan ta iso, zaninta jage-jage. Ta tarar an haihu, namiji, ƙato, amma babu rai. Cibiya ce ta naɗe masa wuya, abin da Gwaggo ke warwarewa da yatsa ɗaya tana hira. Mu da ke wurin ba mu iya ba. Ita ta yi masa wanka, ta naɗe shi, ta miƙa wa maza suka kai shi. Ranar ce kaɗai na ga Gwaggo ta yini ba ta tambayi kowa cibiyarsa ba.

Kuna tsammanin ta haƙura? Ashe ba ku san ta ba. Ta je wurin Mai gari, ya ce abin ya fi ƙarfinsa. Ta je ƙaramar hukuma, aka ce mai maganar ya fita. Ta dawo ta yi shiru, irin shirun nan nata da in ta yi shi kowa ke kama kansa. Daga bakin matar da ke sayar wa sojoji shinkafa da wake ta ji ranar da manyan baƙi daga ƙasashen waje za su zo duba fili. Ta aika gida-gida, tsallake da tsallake, duk mai ciki ta fito da tabarmarta.

Da safiyar ranar sai ga ayari a babbar ƙofar sansani. Gwaggo a gaba, amalanke a baya ɗauke da ƙatuwar tukunyar ƙarfen da take dafa ruwan wankan jego, da ganyen darbejiya, da itace. Mata sun shimfiɗa tabarmi sun miƙe ƙafafu, ciki a gaba, wata na cin goruba, wata na tsifar kai. Gwaggo ta jera duwatsun murhu daidai inda motoci ke shiga. Itacen kuwa ɗanye ta zaɓo da gangan.

Sojan da ke gadi ya taho da sauri. "Mama, mene ne wannan?"

"Ɗakin haihuwa. Tunda kun rufe hanya, su ba sa iya zuwa wurina, ni ba na iya zuwa wurinsu, sai muka ce mu riƙa haɗuwa a nan."

"Mama, ba a hura wuta a nan!"

"Ku da kuke hura wa duwatsu wuta kullum? Matsa, yaro, kada hayaƙi ya shiga idonka."

Hayaƙi ya turnuƙe ƙofa. Daidai nan jerin motocin baƙi suka iso suka yi cirko-cirko. Gwaggo ta kai hannu ta mintsini Lantana, wadda cikinta ya fi na kowa girma, ta ce mata ƙasa-ƙasa, "Fara." Lantana ta dafe ƙugu ta saki wani nishi, "Wayyo Allah, bayana!" Jama'a, ku zo ku ga ikon Allah. Mutanen da ba sa tsoron harsashi sai ga su suna ja da baya, kowa na kallon sama, wani har ya juya mana ƙeya.

Shi kansa kwamandan ya fito, wani dogo mai furfura a gefen kai, Hausarsa ba ta gama nuna ba. Na ɗauka tsawa zai yi. Sai ya zo ya durƙusa gaban Gwaggo ya gaishe ta, ya ce, "Mama, me kike so?"

Ta nuna masa Hajjo da sanda. Hajjo tana can ƙarshen tabarma ta rufe fuska da gefen mayafi, ita kaɗai ce ba ciki, ba goyo. Gwaggo ta ce, "Tambaye ta ina ɗanta." Aka gaya masa. Mutumin nan ya juya ya dubi Hajjo. Da ya miƙe, a nan take ya ba da oda a fasa waya a yi ƙaramar ƙofa a bakin tsohuwar hanya, nan da can. Ranar da babu jar tuta kowa ya wuce. Ranar harbi kuwa, in haihuwa ta taso, a buga waya su tsagaita, motarsu ta ɗauki Mama ta kai ta.

Wata daga cikin mata ta raɗa mata, "Gwaggo, shi ba za ki ce ya ɗaga riga ba?"

Ta ce, "Wannan ba sai na duba ba. An yanke masa daidai."

Ta juya ta ce wa Lantana, "To ya isa, an gama." Lantana ba ta daina ba. "Ke, na ce ya isa!" Lantana ta ce, "Gwaggo, wallahi da gaske ne!" A ɗakin masu gadi aka haife shi, ruwa kuma dama ya tafasa. Yaron nan da kuke kira Kwamanda, mai satar muku gyaɗa a shanya, shi ne.

Daga nan fa Gwaggo ta zama ta gaban mota. Ta ɗare kusa da direba, sanda tsakanin ƙafafu, tana ba da umarni: "Sannu dai, ba yaƙi za mu ba. Kauce wa dutsen can, ya girme ka." Ta dawo ta kawo musu kunun kanwa a ƙwarya, ta tsaya a kansu sai sun shanye, har 'yan sefa da Turawan. Ta ce tunda aikin jego suke yi, dole su sha abin masu jego.

Ni kuwa akwai alkawari tsakanina da ita. Tun tana da ƙarfinta ta sayi likkafaninta ta ajiye a ƙasan akwati, ta ce kuɗin yadi ba ya raguwa, ƙaruwa yake. Duk bayan damina sai ta fito da shi ta shanya a igiya tare da zannuwanta, baƙi su shigo su yi turus. In tana ninkewa sai ta ce min, "Hansai, ni na yi miki wankan farko, ke za ki yi min na ƙarshe. Kada ki kuskura ki bar ni a hannun matar Sale, ba ta iya cuɗa ba." In ce, "Haba Gwaggo, wace irin magana ce wannan?" Ta ce, "Magana ce ta mai hankali. Ki ce kin ɗauka." Na ce na ɗauka.

To shi soja ba ya zama wuri ɗaya. Aka ɗauke dogon kwamandan nan aka kai shi wani wuri, aka kawo sababbi, aka ƙara girman fili. Sai muka wayi gari an sa wa ƙananan ƙofofin nan kwaɗo, wai saboda tsaro. Alkawarin da aka yi a gaban mata da hayaƙi da manyan baƙi ya tsuke ya koma na mutum ɗaya: ungozoma kawai za a buɗe wa. A lokacin Gwaggo tana kwance, ƙafa ta ƙi, ba wanda ya iya gaya mata. Mai gari kuwa da muka same shi cewa ya yi za a duba. Shi ma ya koya!

Ranar da ta cika, da hantsi aka bugo min. Ko takalmi ban tsaya nema ba, na ja mayafi na nufi ƙaramar ƙofa. Babu jar tuta, babu harbi, tsuntsaye ma kuka suke. Ga hanyar nan ina kallonta ta cikin waya, ciyawa ta fara cinye ta. Wani sabon soja ne a wurin, ban taɓa ganinsa ba.

Na ce, "Ɗana, buɗe min, rasuwa aka yi min a tsallake."

Ya ce, "Yi haƙuri, Mama. Ungozoma kaɗai aka ce in buɗe wa."

"Ita ce ta rasu! Ita zan je in wanke!"

Ya buga waya, ba a ɗauka ba. Ya sake bugawa, aka ce mai ba da oda yana taro. Na roƙe shi da Allah, na roƙe shi da iyayensa, na kama wayar nan ina girgizawa har ta yanke ni a hannu. Ya ce, "Mama, in na buɗe, aikina ne zai tafi." Ban san sanda ta fito daga bakina ba, da muryarta, da komai: "Kai, wa ya yanke maka cibiya?"

Ya sunkuyar da kai, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Ban sani ba, Mama."

Na zagaya ta titi. Sun jira ni har azahar, ga zafi, liman ya ce ba a ajiye gawa haka. Ina sauka daga babur na ci karo da maza suna dawowa daga maƙabarta, makara a kafaɗa ba kowa a ciki. Matar Sale ce ta yi mata wankan. Ta tare ni a zaure tana kuka, ta riƙe hannuna ta ce, "Hansai, wallahi na cuɗa sosai." Na fashe da dariya, na fashe da kuka, na rasa wanne nake yi.

Ba na gaba da sojoji. 'Ya'yan mutane ne, kuma mun san abin da ke faruwa a dazuzzukan yamma da mu, mun san dalilin da ya sa suke koyon abin da suke koyo. Su yi atisayensu, su kawo abokansu daga duk inda suka ga dama, su daki ƙyauren Gwaggo har ya gaji. Amma fili mai girman da babur ke yini yana zagaya shi, a ce an rasa taku kaɗan da mace mai naƙuda za ta bi? Allah wadai! 'Yata Rabi tana Gangare yanzu haka, cikin fari, ƙafafunta har sun fara kumbura, kuma kwaɗon nan yana nan inda yake.

Da aka zo rabon kayanta kowa ya ɗauki abin da ya ɗauka. Ni tukunyar na ce a ba ni, da sandar. Na riga na sa an saro min ɗanyen itace, yana nan jingine a bayan ɗakina. Ku mata masu ciki kun san gidana, ku maza kuma wannan karon in kun ga dama ku sake yin dariya ku watse.

Allah, baiwarka Tasalla ta ƙare rayuwarta tana tarbar bayinka a bakin ƙofar duniya, ba ta taɓa ce wa kowa ya jira ba. Ka yafe mata kaifin bakinta, ka sanyaya mata makwanci. In ta iso ƙofarka, ya Rabbi, ka buɗe mata, kada a ce mata ta zagaya. Amin.